Ɗigon Dalma a Akwatin Sale

Silifas ne ya sa na zauna rubuta wannan babin. Ranar wata Juma'a na Ummi ya tsinke a tsakar gida, ta ɗaga shi sama tana dariya.

"Kai, wannan ai akwatin Sale ne!" ta ce.

Yaran gidan suka kwashe da dariya. A makaranta ta tsinto maganar. Haka ake cewa yanzu ga duk abin da aka saya sabo ya mutu tun ba a more shi ba, daga nan Haɗeja har ƙauyukan Guri. Shekarar Ummi tara, a hannuna take tun da uwarta ta sake aure. A takardar makaranta Salihu aka rubuta mata, kuma masu suna Sale sun yi yawa a gari, saboda haka ba ta san Salen da ake nufi ubanta ba ne. Matata Talatu tana bakin murhu, na ga ta tsaya da muciya a hannu ta dube ni. Ni kuma ina tsugune da buta, alwalar da sai da na sake ta daga farko ke nan.

To ku 'ya'yana, da ke Ummi idan kin girma kin karanta, ku saurara. Ni ba marubuci ba ne, aji huɗu na yi aka cire ni. Shekara talatin da wani abu ina gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa, Habu mai rediyo, kowa ya sani. Sale ƙanena ne, autan Inna, shekara goma sha huɗu tsakaninmu. Abin da ake faɗa a kansa ƙarya ne, kuma ni na san inda ƙaryar ta fito.

Sai na fara da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, don in ba ku san igiyarsa ba, ba za ku gane akwatin ba. Baba bandar kifi yake aikawa kudu. Ya shirya a kwali, ya ɗaure, ya ba direba. Bai iya rubutu ba, don haka kowane kifi goma sai ya yi ƙulli ɗaya a wutsiyar igiyar da ya ɗaure kwalin da ita. Mai karɓa a can zai ƙirga kifi, ya ƙirga ƙulli. In sun yi daidai, kaya sun iso lafiya. In ba su yi ba, an san hannu ya shiga a hanya. Kuma Baba ba ya ɗaga gwiwarsa daga kan kwali sai ya gama ƙullinsa. Ina yaro na taɓa ce masa mu ɗaure kwalayen duka tukuna, daga baya mu bi mu yi ƙullin, zai fi sauri. Ya buge mini hannu.

"Ƙullin da aka yi bayan an tashi daga kan kaya," ya ce, "abin da ka tuna ne, ba abin da ke ciki ba."

Ni ban gaji Baba ba. Sana'armu ta masu gyara, in faɗa muku gaskiya, rabinta tsallake ne. Fis ya ƙone, babu irinsa a kasuwa, sai ka sa zaren waya ka haɗa. Wani ɗan abu yana hana rediyo tashi, ka cire shi ka liƙe wurin da dalma, ta tashi. Mai kaya yana tsaye a kanka, ba ruwansa da dalilin da ya sa mai ƙera abin ya sa wannan ɗan abu a wurin, shi dai ya ji murya ta fito. Da haka na ci abinci, da haka na aurar, da haka na kai Sale makaranta har ya karanto aikin kwamfuta da lantarki. A kan teburina ya fara riƙe ƙarfen dalma. Wannan ban taɓa mantawa da shi ba, kuma ban bari ya manta ba, shi ma wani laifi ne.

Da ya gama karatu an so ɗaukarsa aiki a birni, ya ƙi. Lokacin mai ya yi tsada, manoman rani a fadama sun fara barin injin fetur suna komawa famfon sola, irin wanda ake zurawa cikin rijiyar gona. Famfon yana da cuta ɗaya. Ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi. In bazara ta kama, ruwan rijiya ya yi ƙasa, sai ya ci gaba da juyawa yana shan iska har cikinsa ya ƙone. Sale ya ƙera wani ɗan akwati, bai fi gwangwanin madara babba ba, yana zama tsakanin farantan sola da famfo. Da ya ji famfo ya fara juyawa wayam sai ya kashe shi, ya jira rijiya ta tara ruwa, ya sake kunnawa. A bayan shagona yake aikin. Wata rana da la'asar na leƙa na same shi yana ta murmushi shi kaɗai gaban kwamfuta, na ce ko aljanu ne.

"Yaya, zo ka gani," ya ce. "Akwatin nan ba shi da wayo ko na anini. Duk abin da yake yi, karatu ne na rubuta na zuba masa. Kuma ba a dunƙule nake rubutawa ba, gunduwa-gunduwa ne. Ga na kunna famfo, ga na auna wuta, ga na cewa tsaya. In na gama, akwai wani mataki da kwamfuta take harhaɗa su, ta ɗinke su su zama abu ɗaya, ta ba kowanne mazauninsa. To yau na sa ta, a daidai lokacin ɗinkin nan, ta lissafa duk abin da ke ciki ta fitar da lamba ɗaya, ta dasa lambar a can ƙarshen karatun. Kullum da safe, in rana ta taɓa faranti akwati ya farka, kafin ya taɓa famfo sai ya sake lissafa karatunsa ya gwada da lambar. In sun yi daidai, koriyar fitila. In ko harafi ɗaya ya canza ko ya ɓace, jar fitila, kuma ba zai motsa ba."

"Ƙullin Baba ke nan," na ce.

Ya yi dariya har da buga tebur. "Wallahi Yaya, da kai aka kai makarantar da tuni ka zama malaminta."

Ya ce da can sai ya gama komai yake lissafa lambar ya saka da hannu. Ran nan ya gyara wani wuri ya manta bai sake lambar ba, ya yi yini guda yana neman cutar da babu ita. Shi ya sa ya mayar da aikin cikin ɗinkin kansa, yadda babu karatun da zai fito daga kwamfutar ba da ƙullinsa ba, kuma ba hannun mutum ne ya ƙulla ba balle ya manta.

Na ce, "To in akwatin ya yi gardama, alhali ba abin da ya same shi fa?"

"Ba ya gardama a banza, Yaya. In ya ce a'a, a'ar ita ce aikinsa."

Sannan ya juya allon da ke cikin akwatin ya nuna mini wasu 'yan ɗigo biyu na jan ƙarfe a kusurwar hagu, kusa da juna kamar idon kaza. Ya ce in aka haɗa su akwati ba ya duba lamba, tashi kawai yake yi. Ya bar su ne don gwaji a kan tebur, kada su taɓa haɗuwa a gona. Na gyaɗa kai. Amma idon mai gyara in ya ga ƙofar baya, ba ya mantawa da inda take.

Shekarar farko akwati uku ya kafa, duka suka ƙetare bazara lafiya. Labari ya bazu. Shekara ta biyu sai ga Alhaji Bukar, wani dattijo daga wani ƙauye a bayan Guri, shugaban manoma goma sha ɗaya masu noman shinkafa a fadama ɗaya. Mutanen nan injinansu na fetur suka sayar suka sayi sola, suka ce akwatin Sale suke so, sai shi. Sale ya ƙera goma sha ɗaya, saura kawai a zuba musu karatu. Ana cikin haka naƙuda ta zo wa matarsa Hauwa da gardama, asibitin nan suka ce a wuce Kano. Yana sa takalmi yana yi mini bayani. Karatun yana cikin kwamfuta, in kwafa a memori, in sa wa kowane akwati, in jira koriyar fitila, in rufe in liƙe bakin da gam saboda ƙura da ruwa. Na sha ganin yana yi. Na ce ya tafi, Allah ya raba lafiya.

Kwana biyu ba wuta a unguwar. Na kunna kwamfutar da ɗan cajin da ya rage, na fara kwafa, tana cikin yi ta mutu. Na zare memorin na sa a wayata, na ga sunan abin yana ciki, na ce ai ya shiga. Na sa wa akwati na farko, jar fitila. Na biyu, ja. Duka goma sha ɗayan, ja, suna jere a kan teburina suna kallona. Kuma ranar kasuwa ce, ranar da aka yi da Alhaji Bukar zai zo ɗauka. Na kira Sale. Ina jin hayaniyar asibiti a bayansa.

"Duka ja? To karatun bai shiga daidai ba. Ka sake kwafa."

"Kwamfutar ta mutu. Ina cajarta? In kai ta wurin mai janareto."

Na ji yana laluben jaka. "Innalillahi. Tana nan wurina, da sauri na haɗo da ita. Yaya, zan ba direba gobe da safe, kafin azahar ta iso. Ka ba Alhaji haƙuri. Don Allah kada ka kunna su haka. An shiga da Hauwa, sai anjima."

Na zaga kasuwa neman caja mai irin bakin, babu. Kwana ɗaya ne fa. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce muku dole ce ta sa ni. Kwana ɗaya aka ce in jira.

Alhaji Bukar ya iso da a-kori-kura ta haya. Na yi masa bayani yana tsaye a ƙofar shago, maƙwabtana masu shaguna suna ji. Ya dubi jajayen fitilun, ya dube ni.

"Malam Habu, irinmu ya tsufa a bedi, masu dashe na jira, mota kuma na ɗauko ta tun daga Guri. An ce mini kai ka koya wa yaron aiki. Ashe tsaron shago ya bar ka."

Mai sayar da batir na gefe ya yi dariya. Ba wata babbar dariya ba ce, amma na ji ta har cikin haƙorina. Na ce wa Alhaji ya je ya yi azahar ya ci abinci ya dawo. Yana juya baya na ɗora ƙarfen dalma a kan gawayi. Na ce a raina, sunan abin yana cikin memori, na gani da idona, wannan lamba tsirfar 'yan boko ce kawai, kamar fis. Ɗigo goma sha ɗaya na yi. Ban ɗauki minti ashirin ba. Duka suka kawo kore. Na rufe, na liƙe da gam, na jera su a kwali. Da Alhaji ya dawo ya ce, "Yauwa, ko kai fa! Tsohon hannu ai daban ne." Na ji daɗi. Wannan ma ku rubuta a kaina, na ji daɗi.

Washegari caja ta iso kafin azahar kamar yadda Sale ya faɗa. Na jefa ta a durowa. A ranar da na yi ɗigon nan aka ciro ki, Ummi, da aiki, ke da uwarki kuka rayu da ƙyar. Bayan mako biyu suka dawo. Sale ya rame, idonsa ya faɗa. Yana shigowa shago abin da ya fara tambaya ke nan.

"Yaya, akwatunan nan, da ka sake kwafa sun kawo kore?"

"Sun kawo kore," na ce.

"Alhamdulillahi. Ka ga amfanin ƙullin Baba."

Bai sake tambaya ba. Wa zai bi bayan yayansa da bincike? Famfunan kuwa suna ta aiki, don lokacin ruwa yana sama, rijiyoyi cike. Alhaji Bukar ya aiko wa mai jego da kaji da bandar kifi, in Sale ya wuce a kasuwa ana ce masa Injiniya. Mako shida aka yi a haka. Mako shida ina da damar in ce, Sale, zo mu je Guri mu buɗe akwatunan nan, na yi wani abu. Da yini ɗaya ya ishe mu. Kullum in na buɗe durowa ina ganin cajar. Sai in ce ai suna aiki, abin da ke aiki ba a taɓa shi, wannan ma wata ƙa'idarmu ce ta masu gyara. Talatu ta lura tuwona yana dawowa da saura, ta tambaya sau biyu, na ce zafi ne.

Sai bazara ta kama sosai, ruwa ya yi ƙasa. Famfo na farko ya ƙone ranar wata Litinin da tsakar rana. Kafin kwana tara, tara sun tafi, biyun da suka rage masu su ne suka tsorata suka cire waya da hannu. Abin da ya faru, daga baya Sale ya gano shi. Da kwamfutar ta mutu, wutsiyar karatun ce ba ta shiga memori ba, kuma a wutsiyar nan ne ma'aunin da ke gaya wa akwati yaushe zai ce tsaya yake, tare da lambar kanta. Akwatunan sun iya kunna famfo, ba su san kashewa ba. Da jar fitilar nan abin da suke gaya mini ke nan, ni na toshe musu baki. Shinkafar kuwa ta ɗauki ciki, lokacin da ko yini biyu ba ta jure ƙishi. Injinan fetur an sayar. Wasu sun samu aro, yawanci ba su samu ba, don kowa nasa yake ba ruwa. Na je na ga fadamar da idona. Ƙasa ta tsage ana iya zura hannu, zangarniya ta fito fara fat, ka murza a tafin hannu ka hura, babu abin da zai rage. Ko tsuntsayen jan-baki ba su sauka a kanta ba.

Sale ya ciro akwati ɗaya ya kawo shago. Mu biyu ne. Ya yanke gam ɗin da reza, ya zaro allon, ya juya shi. Bai nemi komai ba, kai tsaye kusurwar hagu ya duba. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya," ya ce, "wannan hannunka ne. Duk garin nan babu mai zagaye dalma haka kamar ƙwayar gero."

Na ce Alhaji ne ya matsa mini. Na ce mota ce ta haya. Na ce shi ma da bai tafi da caja ba. Har wannan na faɗa, ga mutumin da matarsa ke kan gadon aiki a ranar. Ya ajiye allon a kan teburina, ya share hannunsa a riga.

"Jibi Bulama ya kira mu," ya ce. "Ka bar mini maganar."

A ƙofar gidan Bulaman ƙauyen aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tsamiya. Manoman suna nan duka, har da waɗanda abin bai shafa ba. Wani a cikinsu, saurayi ne da ya yi niyyar aure da kakar nan, shi ya fara magana. Bulama ya ce Injiniya ya faɗi abin da ya faru. Ina zaune kusa da Sale, gwiwata tana taɓa tasa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ranka ya daɗe, akwatina ne bai yi aikin da na ce zai yi ba. Ni na ƙera, ni na sayar. Laifin nawa ne, ku yafe mini."

Alhaji Bukar ya nuna ni da sanda. "Ka ga wannan bawan Allah, yayanka? Shekara talatin yana gyara a kasuwa ba a taɓa kai shi gaban kowa ba. Kai ka je ka yi boko ka dawo ka ƙone mana abinci. Ka ja masa kunya."

Aka yi shiru, irin shirun da ake ba babba dama ya sa baki. Bakina ya buɗe, na rantse muku ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "A yi haƙuri, yaro ne." Ni na faɗi haka.

A mota muna dawowa, mun wuce wurin da ciyawar kacalla ta cinye bakin kogi, na ce masa me ya sa. Yana kallon taga ya ba ni amsa.

"Kana da 'ya'ya bakwai da shago ɗaya, Yaya. In aka ce hannunka ba amana, wa zai sake kawo maka ko tocila? Ni ina da takarda, ko'ina zan ci abinci. Kuma ni na bar ɗigon nan biyu a kan allo. Da ban bar ƙofa ba, da ba a shiga ba."

Ya sayar da babur ɗinsa da kwamfutar da filin da Baba ya bar masa, ya mayar wa mutane abin da ya iya na famfunansu. Shinkafa kuwa ba mai mayar da ita. A gida ma bai tsira ba. Inna tana zaune a kan sallaya ta kira shi, ina tsaye a bakin ƙofa.

"Auta, da ka tsaya a gyaran rediyo kamar yayanka, da ba ka jawo mana wannan ba. Ka dubi Habu, ko ƙuda bai taɓa kawo mana ƙara ba."

"Haka ne, Inna," ya ce.

Da wannan a ranta ta rasu.

Bayan watanni ya samu aikin kafa sola a wani gari mai nisa, ya tafi. Bai sake ƙera akwati ba. Yakan kira ni duk Juma'a, ya tambayi shago, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi ciwon bayana. Sau ɗaya na ce, "Sale, maganar nan ta Guri." Ya ce, "Yaya, kaya sun tafi tuntuni. Ya jikin Talatu?" Na bar ta a nan, don na ji sauƙi da ya ce haka. Shekara uku da tafiyarsa, yana hanyar zuwa gida hutun Sallah, motarsu ta yi karo. Ni na wanke shi. A hannunsa na dama akwai tabon ƙunar dalma da ya samu a teburina yana yaro, yana nan bai ɓace ba.

Na ce wa kaina magana ta mutu da mai ita, tono ta ba zai amfani kowa ba. Shekara shida ina faɗa wa kaina haka, ina jin ana cewa akwatin Sale a kasuwa, a tasha, har a cikin shagona, ina sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar ƙaninsa. Sai ranar silifas. Da yara suka fita, Talatu ta ajiye muciya ta zo ta tsaya a kaina. Ban taɓa gaya mata komai ba.

"Malam," ta ce, "har yaushe? Tun shekarar nan na san ba zafi ne ya hana ka cin tuwo ba. Yanzu ga shi ya shiga bakin 'yarsa."

Ranar kasuwar Guri na hau mota. Na samu Alhaji Bukar a rumfar masu hatsi, ya tsufa, ido ɗaya ya tafi. Akwai mutane wajen goma a wurin, uku daga cikin manoman nan. Ban zauna ba. Na faɗa musu duka, da cajar, da kwana ɗayan, da ɗigo goma sha ɗaya, da abin da jar fitila take nufi. Na ce akwatin ya ƙi tashi ne don ya san bai cika ba, ni na tilasta shi. Wani ya ce Allah ya kyauta. Wani matashi ya ce ai magana ta riga ta zauna a baki, ko an so cire ta ba za ta ciru ba. Alhaji Bukar ya gama juya carbinsa, sannan ya ce:

"Malam Habu, shinkafar nan mun manta da ita. Allah ya ba mu wata, ya sake ba mu wata. Amma ranar da yaron nan zai bar gari na gamu da shi a tasha. Ya cire hula ya yi mini sallama, na kau da kai ban amsa ba. Yanzu ka gaya mini, ina zan same shi in amsa?"

Na tsaya har ya ɗaga hannu ya nuna mini hanya.

Na san abin da nake yi a takardar nan ƙulli ne na bayan an tashi daga kan kaya, irin wanda Baba ya ce ba a yarda da shi. Don haka kada ku dogara da bakina. Ummi, a durowar shago ta ƙasa akwai gwangwanin alewa mai tsatsa. A ciki akwai caja, da allon da ubanki ya ajiye a kan teburina ran nan. Ki juya shi ki dubi kusurwar hagu. Ki kai wa duk mai gyaran da ya san aikina a garin nan ki tambaye shi hannun wa ne wannan, zai gaya miki. In kin samu wanda ya iya, ya cire ɗigon ya ba allon wuta. Zai kawo miki ja. Shekara tara ke nan, bai canza magana ba.